Gidan da Ya Manta Ƙofarsa

Talata da hantsi, ruwan Jos na dukan kwano
kamar mai bin bashin bara,
na buɗe kwamfutar Yaya Tanimu,
kwana arba'in da ɗaya da kai shi titin Zariya.

Ta yi ɗan tari, fankarta ta juya,
sai allo ya yi baƙi ƙirin,
layi guda fari a can sama, da Turanci:
wai ta duba, ba ta ga uwar manhajarta ba.
Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Na cire batir na hura masa iska
yadda Inna ke lallashin rediyonta.
Amsar dai ita ce: babu kowa a gida.

To ni me zan ce mata?
Ni ma haka nake farkawa tun da ya tafi.

A cikinta akwai lissafin dankali na shekara tara,
buhun da ya taso daga Bokkos, wanda ya sauka Farin Gada,
wa ya biya, wa ya ce sai Juma'a.
Magada sun shimfiɗa tabarma,
kowa na jiran baƙin allo ya yi magana.

Na naɗe ta a leda biyu, na hau keke
zuwa Taminus, bene na sama, ƙofa ta uku,
shagon Kaneng, mai soke sukudireba a kitso.
Ba ta tambaye ni kuka na mene ne ba.
Ta danna wani maɓalli tun kafin na'urar ta gama hamma,
sai ga shuɗin allo, zauren da ake jera
wanda za a fara kira idan gari ya waye.

"Ga faifan nan," in ji ta, "ga sunansa, yana numfashi.
Gida na tsaye, ƙofar ce ta ɓata.
Da kin bari wani ya ɗora sabuwar manhaja,
da an yi daɓe a kan rubutun."

Ta soka ɗan filashi a haƙarƙarinta,
rai na aro, mu shiga ta taga.
Faifai na ƙas, ƙas, kamar kaza a kan tire.
Kashi goma sha bakwai, aka ɗauke wuta.
Yaronta ya ja janareta sau biyar yana tsaki.
Muka koma farko.
Ta sayo mana masara gasasshiya, muka ci, ba hira.

Da la'asar suka fito,
dubu huɗu da ɗari da sha biyu,
amma ba ko ɗaya da sunansa.
Lambobi ne kawai, a jere,
kamar masu jiran kati a asibitin Filato.

Dare uku a Unguwar Rogo, bargo a kafaɗa,
ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya.
Rasit. Rasit. Tayar mota da ta fashe a Mangu.
Hoton 'yarsa Ummita ranar sallah,
daga kai zuwa ƙirji tana dariya,
daga nan ƙasa toka ce zalla.

Lissafin ya fito a na dubu biyu da wani abu.
Sunaye talatin da shida, kuɗi a gefe,
sai wani layi siriri da ban san da shi ba,
inda ya rubuta wa sha tara daga ciki:
na yafe, na yafe, na yafe.
Gobe sai in ga fuskar magada.

Na ƙarshen da na buɗe ba takarda ba ne.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ƙarar kasuwa, wani na cinikin kabeji,
sai gyaran muryarsa, kusa da kunnena:
"Wai wannan abin na ɗauka kuwa? Ana ji na?"

Ruwa ya tsagaita a kan kwano.
Na ce, "Ana ji, Yaya."
Na sake dannawa.