Ciko

Sahura ta dawo daga Yamai da ƴar akwati mai sanyi,
ta kama ɗaki a Sabon Gari, bayan farmasi,
ta rataya madubi mai fitilu a bakinsa,
irin wanda ba ya yi wa fuska kara.

Ran Laraba na je, da na tashi daga tasha.
Ta ɗaga haɓata da yatsa biyu
kamar mai taya tunkiya a kasuwar Dole,
ta danna ƙarƙashin idona.
"Barira, wannan ba baƙi ba ne, inuwa ce.
Rami ne. Rami kuwa cike shi ake."

Na ce na ɗora kokwamba,
na ɗora ganyen shayin da ya huce,
man kaɗanya, hoda ta jaka uku.
Ta ce, "Kin taɓa ganin an rufe rijiya da fenti?"

Ba yanka, ba ɗinki, in ji ta,
allura ce, ba ta kai ƙayar aduwa ba.
Jaka tamanin, ido biyu.
Na ce, ido ɗaya fa?
Ba ta yi dariya ba.

Ba ta tambayi wanda ya haƙa ba, ni ma ban faɗa ba.
Na dama aikin pampo ne:
shekara goma sha ɗaya yana tari ƙarfe biyun dare,
in tashi in jera jarkoki
kafin ya sake shawara.
Na hagu, motar asuba,
tikiti, canji, tikiti,
wani ya rantse ya biya, wani buhunsa ya ɓata.
Zurfin da suka ƙara bara kuwa na Inna ne,
wata huɗu ina bisa tabarma a asibiti
ina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa
har daren da aka zare.

Kwasar adashena na kai,
wadda na ce ta gyaran ƙofa ce.
Ta shafa mini wani abu, fatar ta mutu.
Ana tsakiyar na hagu kuran ya ɗauke,
yarinyarta ta haska da waya,
ni kuwa ina kallon tabon yoyo a rufi,
ina jin wani sanyi na shiga
inda hawaye suka saba tsayawa su huta.

Kwana uku da shuɗi. Na ce ƙofar ce ta buge ni,
ai tana bina bashi.

Sai ran Asabar, Kanta mai shayi ya miƙo kofi:
"Kai, madam ta huta!"
Mushe Illa ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce tunda na murmure
in haɗa da motar Difa.
Haule, ƙanwata, da ke zuwa kowace Juma'a
ta dubi idona ta ɗauki tsintsiya ba ta ce komai ba,
wannan karon ta dube ni, ta ce alhamdu lillahi,
ta zauna ta ba ni labarin ciwon bayanta.

Ashe baki biyu ne na sa aka toshe.
Su ke faɗin abin da na uku ke jin nauyi.

Amma kada in yi ƙarya:
ina son matar nan ta cikin madubi.
Da safe nakan daɗe a gabanta
kamar baƙuwar da ta zo daga garin da ake barci,
in gaishe ta, in sa mata kwalli.

Sahura ta ce wata tara, in ya daɗe shekara,
jiki zai shanye, sai in komo.
Ban yi mamaki ba.
A Damagaram wane ruwa ya taɓa zama?
Ko tabki, kaka na wucewa yake nuna gindinsa.

Ga shi can ya fara tari.
Ƙarfe biyu saura.
Bari in tashi, jarka shida ce yau,
ɗaya tana yoyo.