Kunnen Ɗan Toka

A Gangare, a ɗakinmu mai taga ɗaya,
Baba ya huda teburin cin abinci,
ya dasa gilashi a tsakiya, ya kunna ƙwai a ƙarƙashi.
Inna ta ce, "Tanimu, a ina za mu ci tuwo?"
Ya ce, "A tabarma, Barmani, kamar yadda muka taso."

Zane goma sha biyu
kafin jaki ya ɗaga ƙafa ya sauke.
Na ƙirga, don ni ce mai feƙe fensir.
Shekara uku ina feƙewa
har yatsana ya yi kanta,
takardu masu shara-shara suka tasar wa rufi,
duk saboda jaki guda, Ɗan Toka,
mai dakon kuza daga Bukuru,
wanda ya leƙa tsohon ramin haƙa da dare
ya ga wata ya faɗa ruwa,
ya rantse ba shi ba harawa
sai ya tsamo shi.

Dung ya aro kyamara a wurin aikinsa,
ya shigo da ita naɗe a bargo kamar jinjiri.
Kaneng ce mai launi. Ranar da shuɗi ya ƙare
ta jiƙa bular wanki, sama ta fito fes.
Ruwan sama gero ne, Inna ke zuba shi a faranti.
Kofato, ɓawon kwakwa biyu a gindin turmi.
Kukan jakin kuwa, Allah ya jiƙan Kawu Cindo,
ya ci kuɗi da muryar da ake yi masa gori.

Daren da aka haska shi
layi ya miƙe har bakin Taminus.
Masu dankali suka ɗaure buhu,
wani direban tasi ya bar mota da fasinja a ciki,
yara a wuyan iyaye, hannu duk man gyaɗa.
Jaki ya sa baki a ruwa, ya sha, ya sha, ya sha,
wai ya ƙafar da ramin ya ceci wata.
Sai wata tsohuwa ta miƙe cikin duhu:
"Kai, ɗaga kanka! Yana sama!"
Silima ta kwashe da dariya,
sannan ta yi tsit,
don jakin ya ɗaga.

Makonni tara ana cika kujeru.
Baba ya biya bashin takarda,
ya sai wa Inna keken ɗinki,
tebur dai ba a sake shi ba.

Har gobe ɗalibai na zuwa da littafin rubutu
suna tambayar kunnen hagu:
yadda yake karkarwa sa'ad da ya hangi wata,
wai nan gwanintar take, wai nan ruhin yake.
Nakan ba su ruwa, in yi murmushi.
Daren da aka zana wurin zazzaɓi nake.
Inna ta fita neman mai kemis da bai rufe ba,
Baba ya ɗora ni a cinya, sanyin Jos na shigowa ta taga,
hannu ɗaya a bayana, ɗaya a fensir.
Ina rawar ɗari, layi na rawa.
Da safe ya ce zai sake,
ya duba, takarda ta ƙare.

Yanzu yana ta rufe masa ido.
Ɗana Nazifi kan kunna masa a waya,
ya kara a kunne kamar rediyo.
In gero ya zuba a faranti
yakan juya wajen ƙofa,
shekara sha ɗaya ke nan ba mai shigowa ta nan da faranti.

Jiya ya taɓa hannuna.
"An kai wurin kunnen?"
Na ce, an kai, Baba.
"Yana rawa?"
Yana rawa.
Ya yi shiru, ya lalubi goshina.
"To, kin sha maganin?"