Shahon Giginyar Jabbi

Shekara goma sha ɗaya ina ce wa mutane
"ɗaga haɓa, kada ka motsa,"
a ɗan shagona na bayan Tsohuwar Kasuwa.
Shaho bai san wannan magana ba.

Kwana uku na yi a fadamar Kware,
rub da ciki tsakanin fangalin albasa.
Wuya ya sage,
ruwan gorana ya koma kamar shayi,
cinnaka ya gane hanyar wandona.
Shi kuwa yana can ƙolin giginya,
ya ba ni ƙeya
kamar wanda nake bi bashi.

Jabbi mai gonar ya tsaya a kaina da fartanya:
"Mi kaka biɗa ga ɓarawon 'yan tsaki?
Taho ka ɗauke ni, ni da ka shan rana."
Na ɗora yatsa a baki. Ya yi tsaki, ya wuce.

Ta cikin gilashi na jawo shi kusa
har na ga ƙwayar idonsa, baƙa wuluk,
da zoben rawaya kamar kwaiduwa,
da wani gashi guda a ƙirji
da ya ƙi kwanciya.
Na ɗauka. Ya fito kamar ƙullin tsumma a reshe.
Na goge. Na ɗauka. Na goge.

Rana ta uku, bayan la'asar sakaliya,
batir ya rage layi ɗaya,
na fara naɗe tabarma a zuciyata,
sai ya saki giginya.

Ba ƙara.
Ya naɗe fiffike, ya zubo
kamar guga da igiya ta tsinke.
Yatsana ya riga ni sani.
Sai daga baya na ji kukan kaza
a bakin bukkar Jabbi,
tana zagaye, tana ƙirga abin da ya saura.

Ban taɓa ɗaukar irinsa ba:
fiffike a buɗe, rana ta ratsa kowane gashi,
farce a dunƙule,
cikin farcen wani abu fari, ƙafa biyu a sake.

Na wanke shi babba, na koma ran Laraba
da kuɗin tsako a aljihu.
Jabbi ya ture kuɗin, ya karɓi hoton,
ya daɗe yana dubawa.

Yanzu yana rataye a zaurensa.
In baƙo ya ce, "Kai, wannan shaho!"
sai ya sa yatsa can ƙasa, ya ce,
"Wanga nau na."