Eka Tara da Bindiga Ɗaya

Ubana ya bar mini eka tara da bindiga ɗaya
a gabas da kogin Dindir, inda laka ke tsagewa da rani
har ƙafar jaki ta shige.
A zamaninsa bindigar ta fi gonar ciyar da gida.
A nawa, tarakta ta riga ni shiga daji,
ta kwantar da dushe, ta tumɓuke aduwa,
masu gawayi suka bi bayanta suna kalar abin da ta rage.
Aka shuka riɗi daga nan har inda ido ya gaji.
Barewa ba ta yi sallama da kowa ba.
Wata safiya dai muka duba, babu sawu.

Shekarar da gwiwata ta fara kuka kamar tsohon ƙyaure
na ce da Sittana, bana ba zan nome kudancin gonar ba.
Ta ce, to me za ka shuka?
Na ce, ƙaya.
Ta ɗora butar gahawa a garwashi, ba ta ƙara tankawa ba.

Dakwara ɗari biyu na dasa, saba'in suka kama.
Magarya ta fito da kanta, da ma jira take a ƙyale ta.
Na hana sara, na hana wuta,
na bar ciyawa ta tsufa a tsaye.
Tafkin da mutanen nan ke kira hafir
mu goma sha ɗaya muka haƙa shi,
kwana arba'in, da diga da kwandon kaba.
Damina ta farko ta cika shi, ta biyu ta fasa masa baki.
Muka sake.

Saura hanya.
Tsakanina da kurmin bakin kogi akwai gonar Babikir ɗan Fadlalla,
mutumin da ko inuwarsa ba ya ba da aro.
Na sha shayinsa sau tara kafin ya yarda
ya bar taku ashirin a gefen iyaka ba noma,
bisa sharaɗin duk waken da aka ci masa, ni zan biya.
Na biya.
Sau biyu awakin ƙanensa ne suka ci, na sani, na biya.

A shekara ta biyar jikana Atiƙu ya shigo a guje
da 'yan ƙwayoyin kashi a tafin hannu, baƙaƙe kamar tsabar carbi.
Ban tsaya neman takalmi ba.
A bakin hafir na durƙusa:
sawu biyu manya, wani ƙarami yana bin su a karkace.

Ban sauko da bindiga ba. Wanda ya ci iri ba ya girbi.
Da almuru nakan raɓe a bayan suri ina ƙirga:
uku, biyar, huɗu da kura ta ɗauki rabonta, sannan tara.
Sai da suka kai goma sha huɗu na hau mota zuwa Sinja,
na yanko takarda, aka buga mata hatimi.

Ranar, iska daga arewa take. Na ba ta fuska.
Mata suka sha suka wuce,
masu ciki suka sha a hankali, na jira su.
Can baya wani tsohon namiji, ƙaho ɗaya a karye,
yana ɗingishi irin nawa.
Na yi bisimilla. Harbi ɗaya.
Atiƙu ya ruga da wuƙa.
Ni na zauna nan inda nake, hannuna na rawa,
ban san ko sanyi ne ba.

Nama ya kasu gida goma sha ɗaya, Babikir na sha biyu,
ba wanda rabonsa ya cika tafin hannu.
Sittana ta ɗaga nata a tsinke, ta duba shi a hasken fitila,
ta ce, shekara bakwai, Haladu, ga ta nan duka.
Ta ci. Ta suɗe yatsa.

Da asuba ina alwala na jiyo ta tana tambayar Atiƙu
ko yammacin hafir ɗin zai ɗauki wata dakwarar.