Saura Shida

A ƙasan adakar mahaifina,
tsohon akawun ofishin filaye na Garwa,
ƙarƙashin hular da ya daina sawa,
na tarar da takardu sun yi launin kunun gyaɗa.
Gara ta ci gefensu, ta bar mini lambobin.

Ran Talata na kai su aji.
Littattafan lissafinmu huɗu ne, yara sittin da uku,
na ce yau ga littafinmu.

Da Faransanci aka buga, na juya musu:
"Fili na sayarwa, gab da Binuwai.
Tsawo mita arba'in, faɗi ashirin da biyar.
Sefa goma sha biyar kowace mita.
Ƙasa mai kyau, ruwa ba ya cin ta.
Babu kowa a kai."

Alli ya hau kuka a kan alluna.
Hamajoda ya riga kowa, kamar kullum,
har yana miƙewa tsaye: dubu!
Kuɗin fa? Dubu goma sha biyar.
Aji ya kece da dariya,
wani ya ce kuɗin akuya ke nan yau, ita ma gurguwa.
Na ce ku ɗebe shekarar takardar daga ta bana,
ku ga nisan tafiyar da kuɗi ya yi har ya rame.

Iyawa ba ta yi dariya ba.
Layin baya take, gindin tagar da ba ta rufuwa,
yarinyar da ko sunanta na kira, da ka take amsawa.
Ta ce, "Malam, gab da Binuwai ta ina?"
Na karanta: yamma da mashigin jirage, wajen tsamiya biyu.
Ta ce, "Kakata ta ce can aka binne cibiyarta."

Na koma layin ƙarshe.
Babu kowa a kai.
A gefe akwai rubutun hannu mai karkata dama,
na san shi kamar yadda na san tarinsa da asuba:
"An biya."

Na ce, da me ake rubuta babu a lissafi?
Sifili, suka ce baki ɗaya.
Na zana shi a babban allo, ƙato, kamar bakin rijiya.
Aikin gida: ku je ku tambayo
mutum nawa ke cikin wannan.

Washegari Iyawa ta zo da amsa a bayan kwalin sukari.
Gida bakwai.
Masunta biyar, maƙeri ɗaya,
da wata tsohuwa mai kiwon agwagi da ba ta shiri da kowa.
Rijiya guda, ruwanta da zartsi.
Kwana takwas aka ba su,
maƙerin ya yi tara, uwar maƙerarsa ta ƙi ciruwa.

Muka raba dubu gida bakwai.
Ɗari da arba'in da biyu,
saura shida.
Hamajoda ya ce, "Sauran fa, Malam, a yar?"
Na saba cewa a rubuta shi a gefe, a wuce.
Ban kai ga faɗa ba Iyawa ta fito,
ta taka uku zuwa ƙofa, ta juya, ta taka biyu,
ta tsaya a tsakiya.
"Rumfar kakata ke nan," in ji ta, "inda take bandar kifi."
Babu wanda ya goge allonsa
har aka kaɗa ƙarfen tashi.

Da la'asar na bi ta wajen a kan kekena.
Gidan mai ne yanzu.
Tsamiya ɗaya ta rage, mai facin taya ya rataya mata tiyo.
Na jingina keken, na fara taku daga gindinta,
ina ƙirgawa a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.
A taku na sha tara yaron famfo ya tare ni,
ya dube ni, ya dubi keken,
ya ce, "Baba, lita nawa?"