Abin da Hanta Ke Faɗa

Inna ta ce, wai kai likitan mene ne
da ba za ka riƙe majiyyaci ko ɗaya ba?
Ɗan gidan Talatu yana can tiyata,
har kaji ake kai masa na godiya.
Kai kuma sai kwalabe.

Na sunkuya kan tuwona.
Takardar neman gurbin ƙwarewa tana aljihu,
gumi ya laushe ta,
layi ɗaya ya rage ban cike ba tun Litinin.

Nazifi ya cike nasa tuni.
Ya ce, Tanimu, buɗe ido,
fannin nan ba ya ɗora bene a Ƙofar Ƙaura.
Gurbin kaɗan ne, in ma an buɗe.
Ka ƙare kuruciyarka kana shaƙar fomalin,
ka fito ba wanda ya san fuskarka.
Shi biza yake jira, Jidda ya nufa.
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma na ɗauki albashin
na raba shi da kuɗin makarantar ƙannena,
ya ƙi rabuwa.

Amma akwai Hurera, mai daddawa, daga Mashi.
Mun ciro ɗan ƙulli daga ƙirjinta,
bai kai gurjiya ba,
muka jefa a kwalba, muka liƙa lamba.
Sau uku tana biyan kuɗin mota,
sau uku ina cewa, Iya, a ƙara haƙuri,
idon da zai duba ɗaya ne, kwalaben sun yi layi.
Ran da sakamako ya fito ba ta zo ba.
Ban san dalili ba.
Takardar tana durowata har yau.

Baba bai yi boko ba.
Shekara talatin yana fawa.
Ran Laraba na raka shi mayanka bayan asuba,
ya ɗaga hantar rago ta fuskanci haske,
ya latsa da babban yatsa,
ya ce, wannan ba za ta hau tirena ba.
Na ce, me ka gani?
Ya ce, ragon nan da ransa ya ruɗi mai saye,
ga ƙiba, ga ƙaho.
Fata tana iya ƙarya. Ciki bai iya ba.
Ya jefar da kuɗinsa a rami, ya wanke hannu.

Da hantsi na leƙa madubin ɗakin gwaji.
Ɗan yankin nama, ya fi ɓawon albasa siranta,
an rina shi kamar atamfa.
Ƙwayoyin rai a jere,
gida jikin gida, lungu bayan lungu,
kamar tsohon gari in ka hango shi daga Gobarau.
Can gefe sai jeri ya karkace,
katanga ta hau katanga, ba hanyar wucewa.
Na daɗe ina kallo.
Wani yana bisa benci a waje
yana jiran a faɗa masa sunan abin da ke cinsa.

Na ari biro wajen masinja na cike layin.

Inna ba ta daina tambaya ba.
Jiya Baba yana wasa wuƙa a zaure,
bai ko ɗago kai ba ya ce,
ƙyale yaron nan, gado ya yi.
Tasa ce kawai ta fi tawa kaifi.