Munduwa ta Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Yaba, ba wuta.
Janareton maƙwabci ya ara mini haske,
ina liƙa waya kamar gashin jariri.

Munduwa ta tara ta kasa karanta baƙar fata.
Ta goma, gumin Legas ya cinye ta.

Wannan, Kawu Ɗanlami na kai wa a Agege,
mai goro, mai hawan jini, mai gardama.
"Agogon da ba ya faɗin lokaci?"
Ya dai miƙo hannu.

Masu kuɗin Ikoyi farashi suke son ji.
Na ce zan lissafa.

A danfo, tsakiyar gada, wayata ta kawo bugun zuciyarsa:
saba'in da takwas… casa'in da biyu.
Wani ya taya goro da arha ke nan.
Na tuntsire da dariya, kwandasta ya harare ni.